Tambaya da Amsa: Fenti da Tsufar da Samfurin Tankar T-34/85

Wasiƙun wannan wata kusan duk a wuri guda suka tsaya: an harhaɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙi na roba, an zo kan fenti, aiki ya cije. Da yake yawancin masu tambayar T-34/85 ce a hannunsu, tankar Tarayyar Sobiyet da ta fara fita daga masana'anta a farkon 1944, a ma'aunin 1/35, da ita za mu yi misali. A riƙe lissafin nan tun yanzu, don zai yi ta dawowa: milimita 1 a jikin samfuri milimita 35 ce a jikin tankar gaske.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama harhaɗa T-34/85 ta kamfanin Tamiya. Zan iya fesa mata kore kai tsaye, ko dole sai an yi fentin shimfiɗa? Ina da ragowar fentin mota na gwangwani. *Mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gwangwanin nan ka bar wa mota. Tinar da ke cikin fentin mota tana da zafi, robar samfuri ba ta jure mata. Fuskar sai ta yamutse, ƙananan noti da layukan walda su shafe, kuma bayan haka babu gyara. Fetur da ruwan goge farce ma haka suke mata.

Fara da wanka. Ruwan ɗumi, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori, a hankali don kada ka karya maɗaurai da fitila. Maiƙon yatsu da ragowar man mazubi su ne ke hana fenti kama jiki. Bar ta ta kwana ta bushe.

Sai ka duba bututun bindiga. In biyu aka raba shi ka haɗa da gam, layin haɗin zai fito fili bayan fenti. Kankare shi da bayan wuƙar aiki, ka bi da samfefa mai lamba 600 sannan 1000, kana juya bututun a hannu don kada gefe guda ya baje. Amma layin da ya kewaye kan tankar, wato sashen sama mai juyawa, dubi hoton tankar gaske kafin ka taɓa shi. Kan T-34/85 zubin ƙarfe ne, don haka a tankar gaske ma akwai wannan layi inda mazubi ya haɗu, kuma fatarsa tana da kaushi. In kana son kaushin, ɗebi Mr. Surfacer 500, fentin shimfiɗa mai kauri, da gajeren buroshi mai tauri ka riƙa dangwalawa, faɗin santimita 2 a lokaci guda, bayan awa ɗaya ka shafa samfefa 1000 sama-sama don tsinin ya kwanta. Gangar jikin kuwa faranti ne da aka yanka aka yi wa walda, sumul take, kada ka yi mata haka.

Fentin shimfiɗa wajibi ne, musamman tunda za a zo ana goga da jiƙawa daga baya. Mr. Surfacer 1200 ko Tamiya Fine Surface Primer sun dace. Girgiza gwangwani minti 2, riƙe shi nesa da santimita 20 zuwa 25, ka fara feshin a gefe kafin ka ratsa kan samfurin, shafa biyu marasa kauri da tazarar minti 10. Kai daban, gangar jiki daban, ƙafafu a soke a tsinken sakace, sarƙar da tankar take tafiya a kanta a ajiye gefe. Awa 24 kafin kore. Ka sa takunkumi mai tace tururin sinadari, taga a buɗe, nesa da wuta da janareta.

Tambaya: Wane kore ne na ainihi? Kuma me ya sa fentin da na fesa ya fito da kaushi, in na shafa yatsa sai gari ya biyo? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Koren sojojin Sobiyet ana kiransa 4BO, kore ne mai ɗan karkata zuwa rawaya. Kada ka wahalar da kanka wajen neman launi guda tak da za a ce shi ne. An ƙera T-34/85 a biranen Nijni Tagil da Gorki da Omsk, kowace masana'anta da haɗinta, rana da ƙura kuma suka yi nasu. Vallejo Model Air mai lamba 71.017 an haɗa shi don wannan aiki. In Tamiya gare ka, kashi 3 na XF-58 (kore mai duhu) da kashi 1 na XF-4 (kore mai rawaya) suna ba da tushe mai kyau.

Shawararmu ita ce tushen ya ɗan fi abin da idonka yake so haske. Duk matakin da ke tafe duhu yake ƙarawa, kuma ƙaramin abu ya fi babba saurin yin baƙi a ido. Bayan shafa ta farko, zuba kashi 1 na XF-57, launin yashi mai haske, a cikin kashi 4 na haɗin, ka fesa a saman kai, saman rufin inji, da tsakiyar manyan faranti, ka bar gefuna da ƙasan jiki da duhunsu. Ɗan bambanci ya isa. In mutum ya tsaya nesa da mita guda yana iya ƙirga launuka, an wuce gona da iri.

Kaushin da ka gani kuwa, fentin ne ya bushe a iska kafin ya sauka. A hunturun Kano wannan ba abin mamaki ba ne, iskar a bushe take ƙwarai. Abubuwa uku ne suke haɗuwa: fenti ya yi kauri, iskar kwamfaresa ta yi yawa, bindigar feshi ta yi nisa. Sirka Tamiya da tinarsa X-20A, kashi 1 na fenti da kashi 1 zuwa 2 na tina, har ya yi ruwa kamar sabuwar madarar shanu. Auna da sirinji, kada ka yi da ka. In allurar bindigar feshin mai milimita 0.3 ce, sa ma'aunin ƙarfin iskar kwamfaresa a psi 15 zuwa 18, bakin bindiga nesa da santimita 8 zuwa 10. Fentin ya sauka da ɗan laima, ya bushe cikin daƙiƙa kaɗan. Ƙara sinadarin jinkirta bushewa na Tamiya, amma kada ya wuce kashi 1 cikin 10, in ya wuce fentin zai daɗe yana danƙo. Lungun da ke tsakanin gangar jiki da rufin sarƙa ya fi ko'ina yin wannan kaushi, saboda iska tana juyawa a ciki. A nan sai ka rage iska ka matso kusa.

Wanda ya riga ya lalace, jira ya bushe sosai, ka goge da samfefa 1500 ko 2000 a jiƙe, ka sake shafa ɗaya mai laima. Ka yi feshi da sassafe, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, da ka gama ka kifa babbar robar abinci a kan samfurin don ƙura. Abu na ƙarshe: kada X-20A ta shiga fentin Vallejo. Barasar da ke cikinta tana sa shi ya dunƙule ya toshe bindiga.

Tambaya: Ba ni da bindigar feshi kuma ba na sa ran samu nan kusa. Buroshi zai yi? *Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Zai yi, ɗan'uwa, kuma tanka mai launi guda ta fi kowace sauƙi. Nemi Vallejo Model Color, shi ya fi bin buroshi. Fentin XF na Tamiya yana saurin bushewa, shafa ta biyu takan ɗago ta farko. Sirka Vallejo ɗin rabi da rabi da ruwa mai tsabta, ka yi amfani da buroshi mai faɗi da laushi, kamar milimita 8. Shafa ta farko za ta fito da ratsi-ratsi, shimfiɗa tana leƙowa. Haka ya kamata, kada ka koma ka cike. Bayan minti 30 yi ta biyu ta ratsa ta farko, ta uku ta bi hanyar ta farko. Shafa uku marasa kauri ba sa barin sawun gashin buroshi, guda ɗaya mai kauri kuwa tana binne noti da walda.

Tambaya: Lambobin da ake jiƙawa a manna sun fito da wani farin ƙyalli a kewayensu. Me na yi ba daidai ba? *Mai karatu daga Kumasi*

Amsa: A kan fenti marar sheƙi ka manna. Irin wannan fenti yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska ta maƙale a ƙarƙashin fatar lambar, haske ya buga ya dawo. Kafin mannawa sai a fesa ko a shafa banish mai sheƙi, kamar X-22, a wurin, a bar shi kwana ɗaya. Yanke fatar da ta wuce lambar, tsoma a ruwan ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 15, ajiye a kan takarda har ta saki da kanta. Shafa Micro Set, ruwan da ke taimaka wa lamba ta kama jiki, a wurin, zame lambar, danna da audugar goge kunne daga tsakiya zuwa gefe. Sannan Micro Sol, ruwan da ke tausasa lambar, a sama don ta lanƙwasa ta bi kaushin kai. Za ta yamutse, kada ka taɓa, da kanta za ta miƙe. Wadda ta riga ta yi ƙyalli, huda ta da allura wuri-wuri ka ɗiga Micro Sol, sau biyu ko uku.

Farin ratsin da aka zana a kewayen kan tankoki a yaƙin Balin, Afrilu 1945, don jiragen sama su gane nasu, ya fi kyau a yi shi da buroshi. Sojoji da hannu suka zana shi cikin gaggawa, ba a miƙe yake ba, har da tsiyaya.

Tambaya: An ce mini in shafa tsinkakken baƙin fenti don lunguna su fito. Na shafa, tankar duka ta yi dauɗa, koren ya narke a wasu wurare, kuma guntayen sarƙa da na manna sun warwatse. Ina mafita? *Mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Matsala uku ce ta same ka, kowace da dalilinta.

Koren ya narke ne domin abin da ka sirka baƙin da shi yana iya cin abin da ke ƙasa. Dokar ita ce kowane mataki a yi shi da tinar da ba ta taɓa na ƙarƙashinsa. Kore na akirilik, irin na Tamiya ko Vallejo da muka ambata, a ƙasa, ya bushe aƙalla awa 48, banish na akirilik a kai, sannan a zo da fentin mai na masu zane ko inamel, wanda ake sirkawa da wayit sifirit, wata tina marar zafi ta fentin mai. Wayit sifirit ba ya narkar da akirilik da ya gama bushewa. In ka sirka da X-20A ko sifirit na asibiti, kore zai tashi. Kananzir kuma yana barin maiƙo ya ƙi bushewa, a bar shi.

Dauɗar ta zo ne daga shafe jiki duka a kan fenti marar sheƙi, wanda yake shanye launi ya ƙi saki. Abin da ake so shi ne duhun ya shiga lungu kawai. Haɗa launin ƙasa mai duhu, irin burnt umber na Winsor & Newton, da ɗan ƙyas na baƙi, kashi 1 na fenti da kashi 10 na wayit sifirit. Baƙi zalla a kan kore yana da tsanani. Jiƙa wurin da wayit sifirit tsantsa kaɗan, ɗauki buroshi siriri mai lamba 0, ka taɓa bakinsa a gindin noti ko layin ƙofa. Ruwan da kansa zai bi layin ya kewaye. Ka gama faranti ɗaya kafin ka wuce na gaba. Bayan minti 10 zuwa 15, da sheƙin jiƙar ya tafi, ɗauki buroshi mai tsabta wanda ka tsoma ka matse a takarda har ya kusa bushewa, ka tura abin da ya fita daga layi ya koma ciki. Buroshi mai ruwa da yawa yana barin zobe a inda ruwan ya tsaya.

Sarƙar kuwa, wayit sifirit da tinar inamel suna ratsa wurin da aka manna da gam, su sa robar ta yi gautsi, musamman inda take da matsi. Sarƙar da aka haɗa gunta-gunta da hannuwan ƙafafu su suka fi shan wannan. A can kada a bari ruwa ya taru, ko kuma a yi duhun da akirilik da aka sirka da ruwa. Sake manna guntayen da gam ɗin Tamiya Extra Thin bayan kwana biyu, ka kankare fenti daga wurin haɗi tukuna.

Dauɗar da ke jiki, in fentin mai ne kuma bai wuce kwana ɗaya ba, audugar goge kunne da wayit sifirit za su ɗauke mafi yawanta. Ja daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya rage zai zauna a matsayin sawun ruwan sama, wanda dama ana buƙata a farantan T-34 masu gangara.

Tambaya: Ina son tankata ta nuna ta sha yaƙi. Yaya ake yin ɓarewar fenti da tsatsa? Na ga hotunan samfura da suka yi ja da tsatsa, sun burge ni. *Mai karatu daga Katsina*

Amsa: Malam, a nan ne aka fi ɓata aiki mai kyau, don haka za mu ɗan tsaya. T-34/85 da ta fita a farkon 1944, ko ta kai ƙarshen yaƙi a Mayu 1945, ba ta cika shekara ɗaya da rabi ba, da yawa kuma ba su kai kusa da haka ba. Tankokin da suka yi ja da tsatsa a hotuna, ko waɗanda suka ƙone ne, ko waɗanda suka shekara da shekaru a fili bayan yaƙi. Tanka mai aiki ƙura da laka da mai ne suke rufe ta. Duk tabon da za ka sa, tambayi kanka abin da ya jawo shi. In babu amsa, kada ka sa.

Fenti yana ɓarewa inda takalmi da ƙarfe suke gogawa: bakin ƙofar direba da ke gaban jiki, ƙofofin saman kai, maɗauran da sojojin ƙasa suke riƙewa in sun hau, saman rufin inji inda suke zama, ƙugiyoyin ja, da gefunan rufin sarƙa. Tsakiyar babban faranti ba mai taka shi. Girma kuma a lissafa: ɓarewa mai milimita 2 a samfuri santimita 7 ce a gaske, wannan babban rauni ne. Yawancinsu kada su kai rabin milimita.

Yagi ɗan guntun soso mai ƙananan ƙofofi, riƙe da hantsaki. Fara da kore mai haske, wato tushenka da aka ƙara wa XF-57 rabi da rabi. Tsoma, dangwala a takarda har ya kusa daina fita, sannan ka taɓa gefuna, kana juya soson don siffar kada ta maimaitu. Wannan shi ne ƙarzuwar da ba ta kai ƙarfe ba. Daga nan da buroshi mafi siriri ka sa launin ƙasa mai duhu sosai, irin Vallejo 70.822, a cikin wasu daga cikin koren, kamar ɗaya cikin uku, kana barin ɗan bakin kore a kewaye. Wannan bakin ne yake sa ido ya ga zurfi. Fentin azurfa ba shi da wuri a nan, ƙarfen sulke duhu yake yi. Inda hannu da ƙafa suke gogewa kullum har ya yi santsi, shafa gefen fensir 2B ka murza da yatsa.

Tsatsa ta gaske tana da wurarenta: bututun salansa biyu da ke baya, waɗanda zafi ya cinye fentinsu, guntayen sarƙa na ajiya da ke gaba, da rufin sarƙa, wanda siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa. A salansa fara da launin ƙasa mai duhu, dangwala ja-ja a kai, launin ruwan lemo kaɗan a ƙarshe. Injin tankar, V-2, na dizal ne, don haka bakin salansa da farantin da ke ƙarƙashinsa suna yin baƙi mai maiƙo. Garin baƙin launi da busasshen buroshi, sannan siririn layi ɗaya ko biyu na baƙin fentin mai haɗe da banish mai sheƙi. Tankunan mai masu siffar ganga da ke gefe su ma a sa musu tsiyaya daga murfi zuwa ƙasa. Bakin bindiga ɗan duhu kaɗan ya ishe shi.

Don koren ya daina zama bai ɗaya, matsa fentin mai a kan kwali, fari da rawayar ƙasa da launin ƙasa mai duhu, ka bari awa ɗaya kwalin ya tsotse man, in ba haka ba zai bar sheƙi ya daɗe bai bushe ba. Sa ƙananan ɗigo da tsinke, ja su ƙasa da buroshi mai faɗi da ya ɗan sha wayit sifirit, har sai sun kusa ɓacewa. Kwana biyu kafin mataki na gaba.

Tambaya: Na kwaɓa jar ƙasar bayan gidanmu da gam na shafa a ƙafafu. Ta bushe ta yi gudaji, kuma launin bai zauna da koren ba. *Mai karatu daga Jos*

Amsa: Tunanin amfani da ƙasar gaske daidai ne, sai dai girma da launi. Ƙwayar yashi mai rabin milimita, a ma'aunin nan tsakuwa ce mai kusan santimita 2. Shanya ƙasar a rana ta bushe ƙarau don kada ta yi fumfuna, daka ta, tace da matacin shayi, ka sake tacewa da ƙyalle mai laushi. Garin da ya wuce ƙyallen shi ake so.

Launi kuwa sai ka yanke shawarar inda tankar take da lokacin. A Belarus, lokacin farmakin sojojin Sobiyet mai suna Bagration na Yuni 1944, zafi ne da hanyoyin yashi, ƙura mai haske ce take lulluɓe komai. A Yukiren ƙasa baƙa ce, in ƙanƙara ta narke laka mai nauyi takan cika tsakanin ƙafafu. A titunan Balin toka-tokar rusassun gine-gine ce da garin jan bulo. Jar ƙasa irin tamu ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai in samfurin na tankar da ta yi aiki a Afirka ne bayan yaƙin, kamar na Angola ko Mali.

Ƙura ake fara yi. XF-57 kashi 1, tina kashi 9, psi 10 zuwa 12, a fesa daga ƙasa zuwa sama a kashi ɗaya cikin uku na jiki, da baya inda sarƙa take tayar da ita. Marar bindiga ya goga allin zane mai laushi a samfefa, ba mai maiƙo ba, ya zuba garin da buroshi a lunguna, ya taɓa ɗigon wayit sifirit a gefe ya bar shi ya ratsa da kansa.

Laka: ƙaramin cokali 1 na garin POP, 1 na tataccen gari, rabin cokali na garin launi, ɗigo 5 ko 6 na farin gam na kafinta, ɗigo kaɗan na XF-52 mai launin ƙasa, ruwa har ya tsaya a buroshi ba ya zuba. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, POP ba ya jira, cikin kwata na awa ya fara daskarewa. Gwada a kan ragowar roba tukuna, domin in ya bushe yana yin haske fiye da yadda ake zato. Dangwala a bayan ƙafafu, ƙarƙashin rufin sarƙa, ƙasan farantin gaba da na baya. Busasshiyar laka mai haske ita ce a sama kuma ta fi faɗi. Ɗanya mai duhu tana ƙasa, a cikin ta farko, da ɗan banish mai sheƙi. Fallatsi kuma, tsinka haɗin, ɗebo a buroshi mai tauri, ka ja gashin da tsinke ya fantsama, kana kare saman jiki da takarda. Fallatsin ya bi hanyar da sarƙa take jefa shi, sama da baya. Fuskar tayoyin da ke taka sarƙa a goge ta, ba ta riƙe laka.

Tambaya: Ina son in yi farin fentin lokacin sanyi wanda ya fara gogewa. An ce da feshin gashi ake yi. Gaskiya ne? *Mai karatu daga Zinder*

Amsa: Gaskiya ne, Malama, kuma ya dace da T-34/85 ta Janairu 1945, lokacin da aka tunkari kogin Oder cikin dusar ƙanƙara. Farin da sojoji suka shafa mai wankuwa ne, shi ya sa yake saurin gogewa. Amma ki duba gwangwanin: mai sandarar da gashi ake so, wanda ruwa yake narkarwa. Mai sa gashi sheƙi mai ne a ciki, fenti ba zai kama ba sam.

Kore da lambobi su bushe, a rufe da banish, kwana ɗaya. Feshin gashi shafa biyu marasa kauri, minti 15. Farin fenti XF-2 a sirka, a fesa siriri yadda kore zai riƙa ɗan leƙowa, ba ko'ina daidai ba. Bayan minti 15 zuwa 20, jiƙa wuri ɗaya da ruwan ɗumi, jira rabin minti, ki fara dangwala da buroshi mai tauri. Ruwa ya ratsa farin ya narkar da abin da ke ƙasa, farin ya saki. In yana tashi falle-falle, feshin gashi ko ruwa ya yi yawa. In ya ƙi tashi, farin ya yi kauri ko an bar shi ya kwana. Ki fi gogewa a ƙofofi, rufin inji inda zafi yake, da inda ake hawa. Ki bar lambobi a buɗe, sojoji sukan kewaye su. Rufe da banish kafin fentin mai ya biyo.

Tambaya: Sarƙar roba mai laushi ce ta zo a kwalin. Mako biyu da fenti, har yanzu tana danƙo, kuma samanta a miƙe yake ba ya taɓa ƙafafu. *Mai karatu daga Garwa*

Amsa: Inamel ko fentin mai ka sa. Sinadarin da ke sa irin wannan roba laushi yana hana su bushewa, ko an shekara. Goge da wayit sifirit, wanke da sabulu, ka sake da akirilik: XF-64 (launin ƙasa mai ja-ja) da XF-1 (baƙi) rabi da rabi. Sarƙar T-34 ƙarfe ne mai manganis, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, ba ja ba. Ƙura a ramuka, fensir a kan tudun da ke taka ƙasa da haƙoran ciki.

T-34 ba ta da ƙananan ƙafafun da ke ɗauke saman sarƙa, don haka sarƙar tana kwanciya a kan manyan ƙafafu biyar. Kankare fenti a saman taya ta biyu, ta uku da ta huɗu, ɗiga sufa gulu, cusa nannaɗaɗɗiyar takarda tsakanin sarƙa da rufinta ta danne har gari ya waye. Tayoyin kuma XF-85 ko XF-69, baƙi mai ɗan toka-toka, domin baƙi zalla yana sa su fita daban da sauran jiki.

Tambaya: Na fesa banish marar sheƙi a ƙarshe, tankar ta yi fari-fari kuma ƙurar da na sa ta ɓace. Zan iya ceto ta, ko in wanke in sake? *Mai karatu daga Minna*

Amsa: In da damina ka fesa, danshin iska ne ya maƙale a cikin banish. Haka ma in ba a girgiza sosai ba, ko an fesa da kauri, ko daga nesa. Kafin ka yi tunanin wankewa, fesa X-22 siriri a kai. Sau da yawa yana cike fuskar farin ya tafi. Bayan kwana biyu, a rana marar hadari, sake marar sheƙin, XF-86 rabi da rabi da tina, shafa ɗaya marar kauri. Ka tsiyaye ruwan da ke taruwa a matatar kwamfaresa kafin ka fara. Garin launi kuwa banish yana jiƙa shi ya dusashe, shi ya sa ake yin banish kafin gari, fensir da tabon mai su zo bayan duka.

In wanki ya zama dole, sifirit mai ƙarfi, irin isopropil na kashi 90 cikin 100 ko sama, yana cire akirilik da buroshin haƙori ba tare da cin roba ba. Dettol na ainihi mai launin ƙasa shi ma yana yi in an jiƙa kwana ɗaya a rufaffiyar roba. Sa safar hannu, kuma kada ruwa ya taɓa samfurin sai ka gama goge fentin duka a cikin Dettol ɗin, domin ruwa yana mayar da narkakken fentin danƙo mai wuyar fita. Cire ƙananan sassa tukuna ka ajiye su daban, sufa gulu yakan saki a wajen gogar.